Sunan Malam a Littafin Ƙunsuliya

Ranar da na sauka Jidda, abin da ya fara tarbata zafi ne mai jiƙa riga, sai kuma wata mata da ta karɓe fasfo ɗina ta jefa a jakarta kamar gadon ubanta. Ban yi gardama ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, ni kuwa Larabcin da na zo da shi bai wuce na salla ba. Sunana Laure, mutuniyar Ringim, bazawara mai 'ya'ya biyu da na baro a hannun mahaifiyata. A gida an san ni da baki. Tsohon mijina ma da sunansa nake kiransa, Sabi'u, in raina ya ɓaci har da inkiyar da ya fi tsana. Na faɗi wannan ne don ku san irin wadda ke ba ku labari.

Zangona na farko unguwar Safa ce, inda benaye suke jere kuma kowa da motarsa. Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya ce mutum huɗu zan riƙa yi wa girki. Bai yi ƙarya ba, mutum huɗun suna nan. Abin da ya manta bai gaya mini ba shi ne akwai wasu gidaje biyu a sama, na ɗan uwar ɗakina da na ƙanwarta, kuma wanki da guga da goge-gogensu duk ni ce. Na hau matakalar nan na sauko har gwiwoyina suka fara yi mini magana. Aikin bai dame ni kamar shirun ba. Sai in wuni ban ji kalmar Hausa ko ɗaya ba, har na koma gaishe da kaina a madubin banɗaki: "Laure, ina gajiya?" in amsa, "Ba gajiya." Wata 'yar Indonisiya mai aiki a gidan da ke kallon namu ce ta ji tausayina. Takan miƙo mini wayarta ta wurin shanya in ji muryar 'ya'yana, ta tsaya tana gadin ƙofa. Har muka rabu ban iya faɗar sunanta daidai ba, ita ma haka, amma Allah ya san ina yi mata addu'a.

Wata goma sha ɗaya na yi. Wata safiya na ɗauki ledar shara na sauko, na jefa ta inda ake jefawa, sai ƙafata ta ƙi komawa. Haka na miƙe titi da silifas ɗin banɗaki, fasfo kuwa yana can a jakar mutane.

Zango na biyu Balad, tsohon gari mai gidajen dutsen teku da tagogin katako. Na sami makwanci a ɗaki ɗaya da mata biyar, muna kasa gyaɗa da goro a bakin hanya, in aka hango motar 'yan sanda kowa ta naɗe tabarmarta ta nemi lungu. A nan na haɗu da wani ɗan ƙasarmu da ake kira Mai-Hanya, mai babbar riga da carbi da murya kamar ta liman. Ya ce cikin sati biyu zai samo mini sabon kafili, ubangidan da zai tsaya mini, da iƙama, wato katin zama. Na cire 'yan kunnen gwal ɗin da na gada wurin kakata na damƙa masa. Da na ce ko in fara zuwa ƙunsuliya, ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarmu, in kai kukana, sai ya zaro ido.

"Ke, rufa wa kanki asiri! Duk wanda ya shiga ta ƙofar gaba, ta baya ake fitar da shi a miƙa wa shurɗa, 'yan sandan garin nan. Ko tutarsu kika hango, canza hanya."

Na canza hanya kuwa, shekara biyu cur. Shi ma ya canza tasa, domin tun ranar ban sake ganin ko inuwarsa ba. Sai daga baya na gane cewa mutum ba ya nuna maka ƙofar da za ta kashe masa kasuwa.

Hancina ne ya kai ni zango na uku. Na je unguwar Hindawiyya kai wa wata mata goro, ina wucewa ta wani lungu sai ƙamshin daddawa ya buge ni. Wallahi tsayawa na yi hawaye suka zubo. Na bi ƙamshin har wata ƙofa mai shuɗin fenti, na yi sallama. Wata tsohuwa ce zaune gaban tukunya, 'yar ƙarama, da zane uku-uku a gefen bakinta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ya binti, kuka kike yi ko yaji ne ya shiga idonki?"

"Inna, miyarki ce."

"To ai ba a kuka a gaban miya. Ta'ali, zo ki zauna. Ɗauko kwano."

Inna Kande ke nan. Na ci tuwo malmala uku ban ɗago kai ba. Da na gama ta ce akwai katifa a ɗakin baya, kuma hannunta ya fara rawa wurin juya masar da take soyawa ta sayar. Ban sake kwana a Balad ba.

Inna tana yarinya ta baro ƙauyensu, Rijiyar Ganye a ƙasar Gumel, ita da mahaifinta, a ƙafa. Sun yi shekaru a hanya, suna tsayawa su yi noma a Sudan su ƙara gaba, har suka haye teku a jirgin ruwa. Mahaifin ya sauke farali ya rasu, ita kuma ta yi aure a Jidda. Allah bai bar mata ɗa ba, mijin ma ya daɗe da rasuwa, takardunsu kuma ruwan sama ya cinye su wata shekara da ya shiga gidaje. Hausarta rabi da rabi ce da Larabci, amma in ta zage ka, da Hausar Gumel tsantsa take yi.

Kullum da safe muna suyar masa tana ba ni labarin Malam, mijinta. Shayi yake sayarwa a ƙofar ofishin jakadancinmu tun yana sabo.

"Lokacin duk jakadun duniya a Jidda suke," in ji ta, "don nan ce ƙofa, ta ruwa da ta sama. Daga baya aka kwashe manyan aka kai Riyad, aka bar mana ƙananan saboda alhazai da irinmu. Ke ba ki ga wurin nan da aikin hajji ba! Alhajin da ya ɓata, can za a kai shi. Wanda ya rasu, can za a rubuta a aika wa danginsa. Wasiƙa in ta zo daga gida ba adireshi, a teburin Malam ake ajiye ta, shi ya san kowa. Wanda ya zo a ƙafa ba shi da takarda, Malam zai ba shi shayi ya ce, yalla, shiga a rubuta ka a littafi, kada ka mutu ba a san ɗan wane gari ba ne."

"Inna, ai yanzu kama mutane suke yi."

"Wa ya gaya miki? Kazzab! Gidanku ne fa, ya binti. Wa ya taɓa gudun gidansu?"

Ni dai ban yarda ba. Abin da na lura da shi kawai, ko sau ɗaya ban ji sunan Malam ɗin nan ba. Tsofaffin unguwa da suka san shi Abu Shayi suke ce masa, ita kuwa Malam.

Ana haka wata Hajiya da ta zo umara ta tsaya sayen masa. Ta ƙura wa zanen bakin Inna ido ta tambayi garinsu. Da ta ji Rijiyar Ganye sai ta dafe ƙirji, ta ce ai maƙwabciyar kakarta, Tabawa, har yau tana ba da labarin yayarta da aka tafi Makka da ita, ita Tabawa aka bar ta wurin yaye. Kafin masa ta huce an kira waya. Na riƙe wa Inna wayar, ga fuskar wata tsohuwa ta cika gilashin, zane uku-uku a gefen baki. Suka ƙura wa juna ido. Can Tabawa ta ce, "Yaya, idona ɗaya ya tafi, ɗayan ma yana haramar bin sa. Ki zo in gan ki tun ina gani."

Inna ta kashe murhu da ranar Allah, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Laure, gobe za ki kai ni ƙunsuliya."

Da safe na yi wanka na sa kaya biyu a jikina, na ɗaure goro da brushi a gefen zani, don na riga na sallama cewa daga can sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora. Da tasi ta sauke mu na hango tutar nan, sai na laɓe a bayan Inna. Maigadi ya leƙo, ina jiran ya daka tsawa, sai na ji ya ce, "Sannunku da zuwa. Iya, bi a hankali, akwai tudu." Ciki kuwa kujeru ne da na'urar sanyi, ga mutane kala-kala: mai neman takardar haihuwar jariri, mai cigiyar ɗan'uwansa, wani dattijo da jakarsa ta ɓata da fasfo a ciki. Na duba ko'ina ban ga ƙofar bayan da Mai-Hanya ya faɗa ba, sai ta banɗaki.

Jami'in da muka samu Malam Nuhu ne, mai tabarau da furfura kaɗan a gemu. Da ni ya fara. Ya tambayi unguwarmu, sunan mai unguwa, ranar da kasuwarmu take ci. Na nuna masa hoton fasfo ɗina da ƙanena ya turo mini. Ya ce za su nemi a karɓo shi, in bai samu ba za a yi mini takardar komawa gida. Shi ke nan. Abin da na yi shekara biyu ina gudu bai kai suyar masa tanda ɗaya ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan ajiye brushina.

Da aka zo kan Inna sai magana ta canza. Ba fasfo, ba iƙama, ba ko tsinken takarda.

"Yaro, ba ka ji Hausa a bakina ba?" in ji ta.

"Na ji, Inna. Amma Hausa ta fi ƙasa ɗaya. Ga Bahaushen Sudan, ga na Nijar, ga na Chadi, ga na Gana, kowa da ofishinsa a garin nan. In na ba ki takardar ƙasar da ba taki ba, na cuce ki na cuci aikina. Ina bukatar wani abu a rubuce."

"To ai an rubuta mu. Malam da kansa ya kai mu aka sa a littafi, shekarar da muka yi aure."

Malam Nuhu ya gyara zama, ya ɗauki biro. "Alhamdu lillahi. Tsofaffin littattafan suna nan a ajiye. Da sunan maigida ake rubuta iyali. Yaya sunansa?"

"Malam."

"Na'am, Malam wa?"

"Abu Shayi."

"Wannan laƙabi ne, Inna. Sunan yanka nake nufi."

Inna ta kawar da kai ta dubi bango. "Aib, ya waladi. Ka taɓa jin mace ta kama sunan mijinta?"

Na ce, "Inna, raɗa mini a kunne." Ta ture ni. Na ce a kira Tabawa, ta ce Tabawa ba ta taɓa ganinsa ba, a ina za ta san sunansa? Malam Nuhu ya dube ta ya daɗe, sannan ya rufe fayil ya ce mu dawo ranar Talata. Ni na san irin wannan "ku dawo".

Muna shiga gida na sauke mata kwandon masifar da na ɗauko. Na ce mutumin nan ya fi shekara ashirin a kabari, ba ji zai yi ba. Na ce ni Sabi'u nake cewa, Sabi'u, Sabi'u, ga shi ban mutu ba. Na ce ƙanwarki tana makancewa ke kina nan kina kunyar gawa. Allah ya yafe mini, har da buga murfin tukunya. Inna ta bari na gama tas, sannan ta ce a hankali:

"Shi ya sa kike bazawara."

Ta ɗauki murfin tukunyar ta mayar, ta ci gaba:

"Ya binti, na bar garinmu ba ni da komai. Yaren ma rabi ya zube a hanya. Abin da uwata ta koya mini wanda na iso da shi garin nan bai fashe ba, shi ke nan guda ɗaya. Shekara arba'in ina zaune da mutumin nan bai ji sunansa a bakina ba, sai yanzu da ba ya nan in faɗa wa yaro mai biro? In sai na faɗa zan je gida, to Tabawa ta yi haƙuri, ma haɗu a can. Halas."

Na shiga ɗakin baya na yi kuka, rabi na haushi, rabi na abin da ban san sunansa ba. Kwana huɗu muna suya ba hira.

Ranar Talata muka koma, ni dai don kada a ce ban raka ta ba. Muna shiga na ga tebur cike da wasu manyan littattafai masu baƙin bango, gefensu ya yi ja don tsufa. Malam Nuhu ya naɗe hannun riga, ƙura har a tabarau. Ya sa aka kawo wa Inna shayi.

"Inna, ni ɗan fari ne," ya ce. "Shekarata hamsin ba biyu, mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar da aka kai ni makaranta, maƙwabciya ta ɗauka ta je ta faɗa a madadinta. Don haka ba zan sa ki faɗa ba. Na kwana uku ina tsince mutanen ƙasar Gumel da aka rubuta a shekarun nan, na sami ashirin da bakwai. Ni zan karanta. Ke dai sha shayinki."

Ya buɗe littafi ya fara. "Garba ɗan Alu."

"Allah ya jiƙansa," in ji Inna. "Wanzami ne. Hannunsa nauyi."

"Mamman Sani."

"Wannan ai mijin Ta-Sallah ne. Marowaci, ko ƙanƙara ba ya saya."

"Haruna Maikano."

"Miskin! Shi ya faɗa teku da buhun gero."

Mutanen da ke jiran layi suka fara matsowa. Duk sunan da aka kira sai Inna ta tashe shi daga kabari ta ba shi sana'a da hali, wani ta yi masa addu'a, wani ta tona masa asiri, ana ta dariya. Maigadi ya baro ƙofa ya tsaya a bakin taga. Ni kuwa ina ƙirgawa da yatsu, ga shi an wuce goma sha biyar, an wuce ashirin, littafi na uku ya kusa ƙarewa.

Sai Malam Nuhu ya karanta na ashirin da uku.

Inna ba ta ce komai ba. Ta ajiye kofin shayi a hankali. Ta kama bakin mayafinta ta ja shi ya rufe fuskarta ruf, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, ga ta nan kamar amaryar da aka kawo jiya. Na ɗaga gefen mayafin don in ga ko kuka take yi, na tarar dariya ce da hawaye a haɗe. Ta buge hannuna ta ce, "Sakar mini, mara kunya."

Malam Nuhu ya bi layin da yatsa yana karantawa da ƙarfi: "Sana'a, mai shayi. Gari, ƙasar Gumel. Matarsa, Kande, 'yar Rijiyar Ganye." Wata mata mai goyo da ba mu taɓa gani ba ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ofishin gwamnati, maigadi yana ta kabbara. Aka juyo da littafin wajenmu. A gefen layin akwai ɗan hoto da ya koɗe, wani saurayi siriri da hula a karkace, ya zaro ido kamar mai ɗaukar hoton ya tsorata shi. Inna ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi da ido ɗaya.

"Kullum sai na ce masa ya gyara hular nan," ta ce.

Sauran aikin ya ɗauki makonni. Ofishin ya rubuta wa hukumomin ƙasar, aka kai mu aka ɗauki hoton yatsunmu, muka yi ta zuwa muna dawowa. Malam Nuhu ya sa a takarda cewa ni ce mai rakiyarta. Ranar da ya miƙa mana takardunmu, Inna ta kai masa masa cike da kula, ya ce aikinsa ya yi, ba ya karɓa. Ta ce ba shi ta kawo wa ba, ƙofar ta kawo wa, don ta ci arzikinta sau biyu. Aka raba wa masu jiran layi.

Ban tsaya a Ringim ba sai da na kai ta Rijiyar Ganye. Tabawa tana zaune a ƙofar gida tun hantsi. Ta kama fuskar Inna da hannu biyu ta kawo ta dab da idonta mai gani, ta juya ta dama ta juya ta hagu, ta ce, "Hancin Baba ne." Daga nan ban ga sauran ba, don nawa idon ya cika.

Da la'asar an cika tsakar gida, jikoki da maƙwabta, ana cin dabino, aka sa ni in ba da labarin ƙunsuliya. Na bayar har da kwaikwayon yadda aka ja mayafi, ana ta faɗuwa don dariya. Da na kai ƙarshe Tabawa ta share ido ta ce:

"To wai ni Yaya, mene ne sunan mijin nan naki da ya wahalar da gwamnati?"

Inna ta nuna ni da haɓa. "Tambayi 'yata. Ita ba ta da kunya, kuma ta ji da kunnenta."

Duk aka juyo ana kallona. Na san sunan sarai, har da na mahaifinsa. Na gyara zama na buɗe baki, ni Laure da ban taɓa jin nauyin sunan kowa ba. Sai na tuna tsawon lokacin nan ina kwana a gidansa, ina ci daga tukunyar matarsa, ga shi yanzu a gaban danginta ta kira ni 'yarta. Harshena ya yi nauyi.

Na sunkuyar da kai na ce, "Sunansa Baba."

Inna ta yi dariya har da buga cinya. Ku ma da kuke karantawa sai ku yi haƙuri da hakan. Mai son ji ya je Jidda, yana nan a littafi na uku.